Ba a Sayar da Jirgi da Igiyarsa

Duk wanda ya ce maka jirgin ƙasa bai taɓa tafiya a Damagaram ba, gaskiya ya faɗa, amma da saura. Babban jirgi mai ɗaukar mutane, irin na Kano, bai zo ba, kuma har yau bai zo ba. Sai dai a shekarun da suka gabaci 'yancin kai akwai wani ɗan ƙaramin kan jirgi a bayan gari, can cikin duwatsu, yana jan tsakuwa. Yayana ne direbansa. Ni kuwa baduku ne, ina ɗinka jaka da kube da matashin fata a unguwar Zango, kuma tun ina yaro ba na shiri da duk abin da ke warin mai.

Nasara ne suka kawo shi a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, lokacin da aka fara zuba tsakuwa a hanyar kudu wadda motocin gyaɗa ke bi. Tun ran da ya iso tsoho ne. An ce ya yi aiki a bakin teku tun kafin babban yaƙi, aka yar da shi, sannan aka tuna da shi da aka rasa abin jan dutse. Tsawonsa bai fi na raƙumi a durƙushe ba, fentinsa kore ne wanda ya koɗe, kuma man gazuwal yake sha, ba gawayi ba. Dogonsa ma ba kafaffe ba ne. Guntu-guntu ne kamar tsani, leburori su ɗauka a kafaɗa su shimfiɗa inda ake so, in aiki ya matsa gaba su kwashe su bi shi. Daga inda ake fasa dutse zuwa inda kamiyo ke lodi, tafiyar ba ta kai daga Birni zuwa Zango ba, kuma mai saurin ƙafa yana iya jerawa da shi suna hira. Duk da haka ranar Alhamis, in mutanen Dakusa da na Gidimuni sun ci kasuwa, sai su ratse su je kallo, su koma gida su ce sun ga jirgi.

Yaya ya girme ni da nisa. Da babanmu ya rasu shi ya riƙe ni, shi ya kai ni wurin koyon dukanci, shi ya yi mini aure. A shantiye, wato wurin aikin hanyar, da fasa dutse ya fara, daga nan ya zama aparanti, ya yi ta wanke ƙarafa yana kallon hannun makanisiye har aka ba shi kujerar. Ban taɓa ganin mutumin da aiki ya karɓa irin yadda wannan ya karɓi Yaya ba. Da rana tsaka in an tsaya hutu sai ya rufa wa injin tabarma. Yana goge shi da tsumma safe da yamma, yana shafa gefensa in ya hau gangara da kaya, har magana yake yi masa ƙasa-ƙasa. Ya sa ni na ɗinka laya da jar fata, ya ɗaura a jikin ƙarfen birki. Mutane suna cewa ya ɗauki jirgin tamkar sa, kuma bai taɓa musantawa ba.

Tayar da shi aiki ne na mai ƙarfi. Akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa biyu da ake zurawa a gaban injin a murɗa, manibel ake ce masa. Sai Yaya ya ɗaga wani ɗan hannu da ke sassauta numfashin injin, ya kama manibel da hannu biyu ya yi ta juyi har abin ya ɗauki gudu, sannan a sake ɗan hannun. Injin ya yi tari, ya sake tari, ya kama. A daidai nan manibel ɗin kan zame da kansa ya fito a hannun Yaya salin-alin, domin bakinsa a karkace aka yanka shi. Na sha ganin haka, ban taɓa tambayar dalilin karkacewar ba. Na ɗauka tsufa ne ya cinye shi.

Babanmu mai takarkarai ne, yana kai kanwa kudu ya dawo da goro da tufafi. Yana da doka guda wadda ba ya karyawa: in ya sayar da sa, sai ya kwance igiyar ya naɗe ta a hannu, mai saye ya zo da tasa. Ba shi kaɗai ba, duk kara, wato kasuwar dabbobi, haka ake yi, har gobe. Abin da ake cewa shi ne arzikin turke a jikin igiya yake. In ka riƙe ta, wata dabba za ta zo ta maye gurbin wadda ta tafi. In ka bari ta bi mai saye, turkenka ya bushe. Mun tashi muna ganin tsofaffin igiyoyi rataye a zaurenmu, kuma ba mu taɓa ganin turken Baba babu sa ba, saboda haka babu abin musu.

Ana saura kaɗan a sauke tutar Faransi aikin hanya ya ƙare. Shef ɗin shantiye, Nasaran da ke shugabantar aikin, ya tattara ya tafi ƙasarsu, aka yi gwanjon abin da ya rage. Wani Alhaji Bakano, ɗan kwangila wanda ya saba zuwa garinmu sayen fata da gyaɗa, shi ya sayi kan jirgin da wagonsa da dogonsa duka. Ranar lodi na je taya Yaya ɗaure kaya. Da aka gama ɗora komai a kamiyo, Alhaji ya zagaya yana dubawa, sai ya ga manibel a hammatar Yaya.

Ya ce, "Malam direba, abin tayarwar fa?"

Yaya ya ce, "Alhaji, sa ka saya. Igiya tawa ce."

Alhaji ya tsaya yana kallonsa, can ya fashe da dariya har yana riƙe rawani. Ya ce, "Wallahi gaskiyarka. Ni ma ɗan mai shanu ne, ba zan zo garinku in karya maka al'ada ba. Riƙe abinka, Allah ya maida alheri turkenka. Ƙarfe ne mai lanƙwasa, kowane maƙeri a Kano zai buga mini irinsa kafin azahar."

Da Nasaran yana nan da ba a yi haka ba, domin shi bai san igiya ba. Amma mu ukun da ke tsaye a wurin duk mun san ta, kuma babu wanda ya ga aibu a cikinmu. Ni ma har daɗi na ji da na ga Bakano ya girmama yayana. Da muka koma gida na zaɓi jar fata mai kyau na ɗinka wa manibel kube irin na takobi, da tuntaye, Yaya ya rataye shi a ƙusa a saman gadonsa.

A lokacin maganar jirgi ta cika gari. Kowane ɗan siyasa da ya hau tebur sai ya jawo dogo daga Kano ko daga Nguru, ya kawo shi har ƙofar Birni da bakinsa. Yaya ya ji, ya gaskata. Lissafinsa mai sauƙi ne: ƙasa ta zama tamu, dogo zai zo, in ya zo za a nemi ɗan Damagaram wanda ya san kan jirgi, kuma duk faɗin ƙasar babu wani sai shi. Ga igiya a rataye. Saboda haka ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida ya zauna.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce. Maƙwabcinmu ya sayi kamiyo, ya zo har gida yana roƙon Yaya ya koyi tuƙi ya riƙe masa. Yaya ya ce shi ba ya hawa abin da ba ya bin dogo, mota ba ta da alƙibla, duk inda ta ga dama take faɗawa. Wani ɗan kasuwa ya kafa injin niƙa a bakin kasuwar Zango, irin mai shan gazuwal, yana neman wanda zai kula da shi. Yaya ya ce, "Ni da na ja dutse, in koma niƙa wa mata hatsi? In jirgi ya zo ya tarar da ni fari fat da gari?"

Gidaje biyu suka koma ci daga basilla ɗaya. Ban taɓa hana gidan Yaya hatsi ba, kuma ba zan iya ba, wanda ya riƙe ka kana maraya ba ka ƙirga masa loma. Amma ina jin abin a ƙirjina. Idona ya fara ciwo saboda ɗinki, matata tana da ciki, fata ta yi tsada. Matar Yaya kuwa, wadda muke wasa da ita kamar yadda ƙanin miji ke yi da matar wa, ta kama soya ƙuli-ƙuli tana sayar da man gyaɗa don ta rufa asiri. In na shiga gidan sai ta ɗaga murya yadda zai ji daga waje.

"A'a, ƙanin miji, ka zo gaishe da sarkin tasha? Yana nan ƙofa, jirgin safe bai iso ba tukuna."

In na ce ta yi haƙuri sai ta ce, "Haƙuri ai shi nake soyawa. Tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Ka ce wa yayanka ƙarfen nan ko tuwo ba ya tuƙawa."

Na daɗe ina haɗiyewa, domin ba a saba ƙane ya yi wa wa faɗa ba. Ran da na kasa, a ƙofar gida na same shi yana shafa wa manibel mai. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka saba, sannan na ce, "Yaya, zaman nan fa jiran gawon shanu ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka taɓa ganin Baba ya sayar da igiya?"

Na ce, "Ban taɓa ba. Amma ban taɓa ganin Baba ya zauna yana kallon igiya ba. Kara yake komawa."

Ya maida manibel cikin kube ya shige gida. Daga ranar har aka yi sallar layya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji kunyar bakina, ban san wanda ya fi yawa ba.

Bayan sallah na kai kaya Kano. A rumfar wani dillalin fata da nake sauka wurinsa na haɗu da wani mai sayen ƙiraga a ƙauyukan layin Nguru. Da ya ji daga Damagaram nake sai ya ce ai akwai wani ɗan garinmu a can wajensu. Na ce wa ke nan? Ya ce wani ƙaramin kan jirgi ne kore, a wurin fasa dutse kusa da wata 'yar tasha, leburori suna ce masa Bafaranshe. Ya ce har laya gare shi, jar fata, ɗinkin Damagaram, ba ya ɓoyuwa. Na ce yana tafiya? Ya ce kullum, ka ji shi tun daga tasha.

Na dawo na gaya wa Yaya, kuma wannan ne ya buɗe bakinsa da ni. Abin da nake so shi ne ɗaya cikin biyu: ko dai su ɗauke shi aiki a can, ko kuwa ya gani da idonsa cewa duniya ta ci gaba ba tare da shi ba. Kowanne ya samu, ni na huta. Yaya ya ce, "Ba zai yi tafiya daidai ba. Ba su san halinsa ba." Da safe ya ce in nemo mana mota. Ya sauko da kuben daga ƙusa ya rataya a kafaɗa. Matarsa ta ce Allah ya sa a can zai bar shi. Ya ce, "Ba bayarwa zan yi ba. In suna neman direba, ga direba ga igiya."

A saman buhunan gyaɗa muka yi tafiyar, ta Magariya. A bakin iyaka wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan, mai sabon kaki ya hango jan kube da tuntaye, ya ce a sauko da takobin. Yaya ya zare a hankali, sai ga lanƙwasasshen ƙarfe. Ɗan duwan ya juya shi, ya dubi Yaya, ya tambayi inda motar take. Yaya ya ce ba mota ba ce, jirgi ne. Mutumin ya miƙa masa abinsa da sauri, da alama ya ɗauka ba shi da lafiya.

A tashar Kano Yaya ya fara ganin jirgi na gaske. Mun tsaya a gefen wani sabon kan jirgi mai shan gazuwal, wanda tayarsa kaɗai ta kusa kai masa ƙirji. Ya daɗe yana zagaya gabansa yana leƙe. Na san abin da yake nema, ramin manibel. Da bai gani ba ya tambayi wani ma'aikaci yadda ake tayar da shi, aka ce ai maɓalli ake dannawa. Yaya ya ce, "To." Daga nan muka shiga jirgin Nguru.

Da hantsi muka sauka a 'yar tashar, wadda ba ta da komai sai ɗaki ɗaya da bishiyar maina. Aka nuna mana hanyar duwatsu. Ba mu yi nisa ba muka fara jin bugun, tuk-tuk-tuk, a hankali, kamar mace ɗaya na daka. Yaya ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Ya ce, "Shi ne." Daga nan ban iya cim masa ba, mutumin da ya shekara biyu a kan buzu.

Shi ne kuwa. Ya ƙara koɗewa, an ɗaure bututun hayaƙinsa da waya, an yi masa rumfa da kwano, amma yana jan wago cike da dutse zuwa inda ake loda wa manyan taragu. Layar da na ɗinka tana nan a jikin birki, ta yi baƙi da maiƙo. Ni da ba na son inji, sai da na matsa na shafa ta.

Direban dattijo ne, Babarbare, mai tsage a fuska. Da ya tsaya muka yi sallama, ya amsa da wushe-wushe irin tasu, sannan ya koma Hausa. Da ya ji ko su wane ne mu sai ya sauko da murna, ya ce yau ga uban Bafaranshe. Ya miƙo hannu mu gaisa, sai na ga hagu ya miƙo, yana ba da haƙuri. Hannunsa na dama a lanƙwashe yake daga wuyan hannu, yatsun sun dunƙule, yana riƙe da shi a jikin ciki.

Lokacin hutu ya yi, ya kai mu inuwa ya ba mu ruwa da goro. Leburori suka watse neman abinci, amma injin yana ta bugu shi kaɗai a rana. Yaya ya kasa daurewa.

Ya ce, "Baba, ba ka kashe shi ya huta? Mai yake ci a banza."

Dattijon ya ce, "In na kashe shi, malam, sai an tara mutane a tura shi gangara kafin ya tashi. Da yamma a can kan tudu nake kwantar da shi saboda haka. Handul ɗinmu mugu ne, mun daina taɓa shi."

Handul shi ne manibel a bakin mutanen can. Yaya ya ce a nuna masa. Yana jingine a gindin wata aduwa, ya yi tsatsa. Aikin maƙeri ne mai kyau, ni da na san aikin hannu na shaida, lanƙwasarsa daidai, kaurinsa daidai. Yaya ya juyo bakinsa ya duba. A miƙe aka yanka shi, tsaf, yadda duk mai hankalin da bai ga na asali ba zai yanka.

Dattijon ya ce, "Satin farko ne. Na murɗa, injin ya kama, handul ya ƙi saki. Ya juyo ya ɗauke ni ya buga da ƙasa. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa." Ya ɗaga hannun ya dube shi. "Da can direban mota ne ni. Yanzu mota ta fi ƙarfin hannu ɗaya. Shi wannan kuwa dogo ke yi masa tuƙi, ni birki kawai nake ja, shi ya sa Alhaji ya bar ni."

Yaya ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "An gaya maka inda na asalin yake?"

"An gaya mini. Alhaji ya ce mai shi ya riƙe igiya. Na ce ai daidai ne, haka ake yi, mu ma a wajenmu haka ne. Ƙaddara ce, malam, ba ta wuce ranarta."

Babu zargi ko kaɗan a bakinsa, kuma na tabbata ya ga kuben da ke kafaɗar Yaya, ya san abin da ke ciki. Da ya zage mu da ya fi mini sauƙi. Na dubi tuntayen da na ƙawata da hannuna, na sunkuyar da kai.

Yaya ya tashi ya ce a kashe injin. Dattijon ya je ya kashe. Wurin ya yi tsit, leburori suka fara dawowa suna gunaguni, domin sun san su za su yi turi. Yaya ya zare manibel, ya zura, ya ce wa dattijon ya riƙe ɗan hannun numfashi. Ya murɗa, ya murɗa, ya ce a saki. Injin ya yi tari sau biyu ya kama, manibel ya zame ya fito a hannunsa kamar yadda ya saba. Ya sa aka sake kashewa, ya kira wani ƙaƙƙarfan lebura mai gemu, ya nuna masa yadda ake tsayuwa da inda ake ajiye babban yatsa. Mutumin ya murɗa a tsorace, injin ya kama, ƙarfen ya fito masa lafiya. Ya tsaya yana kallon hannayensa yana dariya.

Helman wurin, wato shugaban leburori, duk yana tsaye yana kallo. Ya jawo Yaya gefe, ni ma na matsa don in ji. Ya ce, "Malam, Alhaji ya daɗe yana neman mai hannu biyu wanda ya san abin nan. In kana so, yau zan aika masa. Akwai ɗaki, akwai abinci."

Abin da ya fito da mu daga gida ke nan. Nan take na ga gidan Yaya ya sauka daga wuyana, na ga matarsa ta huta da hayaƙin ƙuli-ƙuli. Yaya ya waiwaya ya dubi dattijon, wanda ya koma kan kujerar yana goge ƙarfen birki da gefen rigarsa, ya yi kamar bai san abin da ake faɗa ba.

Yaya ya ce, "Kuna da direba."

Na so in yi magana, wallahi na so. Haushi ya kama ni har idona ya kawo ruwa, kuma a lokaci guda na san in da ya karɓa da ban ƙara ganin girmansa ba.

Ya koma wurin jirgin ya ajiye manibel a ƙasan kujera, inda yake ajiye shi a da. Dattijon ya sunkuya ya ɗauka da hagu ya miƙo masa.

Ya ce, "Malam, ɗauki abinka. A kai wa maƙeri ya ga bakin, ya gyara namu, ka koma da naka. Igiyarka ce. In ka bar ta nan, turkenka fa?"

Yaya ya ce, "Na sani."

"Ni ko ka bar mini ba zan iya murɗa shi ba."

"Wani zai murɗa, Baba, ya koma gida da hannunsa biyu. Na maƙeri na amince masa sau ɗaya, ya isa."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya maida ƙarfen ƙasan kujera. Ya matsa gefe ya ce Yaya ya hau ya kai wannan lodin. Yaya ya hau. Ni ma aka ce in hau wago, na zauna a kan dutse, kuma wannan ne karo na farko da na taɓa shiga jirgin yayana, duk shekarun da ya yi yana ja a bayan garinmu. Ya girgiza mini hanji, ya cika mini riga da hayaƙi. Muka je ƙarshen dogo, aka juye, muka dawo da baya. Yaya ya ja birki, ya shafa gefen injin sau ɗaya, ya sauka. Jirgin yamma muka bi zuwa Kano.

Da muka shiga gida matar Yaya ta fara duban kafaɗarsa. Ta ga kuben ya lanƙwashe, babu komai ciki. Na ga ta shirya wata magana, ta dubi fuskarsa, ta haɗiye, ta je ta kawo ruwa. Yaya ya maida kuben kan ƙusa. Kashegari ya naɗe buzunsa ya tafi bakin kasuwar Zango wurin mai injin niƙa. Aka yi sa'a wanda aka ɗauka bai daɗe ba ya gudu. A nan Yaya ya ƙare aikinsa, fari fat da gari tun daga hula har takalmi, mata suna yi masa tsiya in ya niƙa musu da tsakuwa-tsakuwa, suna cewa ya ɗauka har yanzu dutse yake ja. Injin niƙan ma da manibel ake tayar da shi, kuma ran da ya fara aiki bakinsa ya fara dubawa.

Gidansa ya koma ci daga hannunsa, muka koma hira kamar da. Abin da nake nema ya samu, amma ban yi murnar da na zata zan yi ba. Bai ƙara tsayawa sauraron masu hawa tebur ba, kuma bai ƙara tambayar matafiya labarin dogo ba.

Gwamnatoci suka zo suka wuce, kowace da nata alkawarin jirgi. Har Yaya ya tsufa, in ana zaune a ƙofar gida aka tayar da zancen, samari suna zagin manya sun hana Damagaram dogo, sai ya ce, "Ku bar zagin mutane. Ni na ba da igiyar." Samarin su yi ta dariya, sun ɗauka barkwancin tsofaffi ne. Ni da nake zaune kusa da shi ban taɓa ganin ya yi dariyar tare da su ba.